Yadda Ake Shirya Gwajin Sankarar Mahaifa da ta Mama a Ƙauye

A yawancin ƙauyukanmu ba a gane mace tana da ciwon daji sai ya ci ƙarfinta. Jini zai daɗe yana zuba a ce sanyi ne, a sayo kafso a kemis, a jiƙa saiwa, a karɓo rubutu. Ranar da za a ɗauko mota zuwa birni, likita ya duba ya ce da an zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Abin takaicin shi ne, a duk cikin nau'o'in ciwon daji, wannan tana cikin waɗanda aka fi iya tarewa. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma a jikin mace mai cikakkiyar garkuwa takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ɗan tabon da ta yi ya rikiɗe ya zama daji. A tsawon waɗannan shekaru, nas da ta samu horo za ta iya ganin tabon da idonta, ta kashe shi cikin 'yan mintoci.

Wannan bayani na masu ɗawainiyar gari ne: kwamitin ci gaban mazaɓa, ƙungiyar matasa, shugabannin Islamiyyar matan aure, zumuntar mata ta coci, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Ba ku ne za ku yi gwajin ba, aikin ma'aikatan lafiya ne. Naku shi ne duk abin da ke gabansa da bayansa, kuma a nan ne galibi shirin ke lalacewa.

Mataki na farko: ku nemo inda za a kai wadda aka samu da matsala

Kafin a yi shela, kafin a buga kati ko a nemi rumfa, wannan za ku fara warwarewa. An sha ganin masu niyyar alheri sun zo gari da motoci, an tara mata, an duba su, an ce wa wasu "akwai matsala, ki je babban asibiti," sannan kowa ya kama gabansa. Matar ta koma ɗaki da fargaba, ba kuɗin mota, ba ta san ƙofar da za ta shiga ba, miji kuma bai ji komai daga bakin kowa ba. A ganina irin wannan gwajin gara ba a yi shi ba, domin an ɗora mata damuwa ba a rage mata ciwo ba, kuma baɗi in an sake kira ba wadda za ta fito.

Ku tura mutum biyu, mace da namiji, zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da kuma babban asibitin da ya fi kusa da ku. Tambayoyin da za su dawo da amsarsu su ne: wa ke iya kashe tabo a nan kusa, kuma da wace na'ura? In tabon ya yi girma, ina ake yanke shi? Ina ake ɗibar tsoka a kai ɗakin gwaji, nawa ake biya, kwana nawa sakamako ke yi? Wace rana ce likitan mata ke ganin marasa lafiya, wace rana ce ta likitan tiyata? Su karɓo sunan ma'aikaci ɗaya da lambar wayarsa, wanda ya yarda a riƙa kiransa in an turo mace daga garinku.

Ku san kuma manyan asibitocin da ke gaba. A Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri, na tarayya da ke Gombe da Katsina, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba kowannensu ke da na'urar gashin daji ba, wato wadda ke ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, inda take ma takan tsaya, don haka a riƙa bugo waya kafin a kama hanya. Mutanen Maraɗi da Damagaram su kuma, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, kuma tun 2021 ake gashi a can.

Mataki na biyu: ma'aikata da kayan aiki

Ku dage a kan mata su yi duban. Nas ko ungozomar asibiti wadda aka horar da ita a kan wannan gwaji musamman, ba kowace mai farin kaya ba. In garinku babu, ku roƙi hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta turo, ko ku tuntuɓi ƙungiyoyin da suka saba da aikin, irin su Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, ko reshen ƙungiyar likitoci mata na jiharku.

Gwaji iri biyu ne ake iya kaiwa karkara. Na farko, wanda ma'aikata ke kira VIA, shi ne a shafa ruwan khal (wato vinegar, ruwa mai tsami) mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a haska fitila. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ba ya bukatar lantarki, ba tsada, sakamako nan take. Na biyu shi ne gwajin ƙwayar HPV kanta, wanda ya fi inganci, kuma mace na iya ɗibar samfurin da hannunta a bayan labule da ɗan tsinke mai auduga. Matsalarsa sai an kai ɗakin gwaji, sai kuma an sake nemo matar a ba ta sakamako. In an samu wanda zai ɗauki nauyinsa, ku karɓa hannu bibbiyu. In ba a samu ba, na ruwan khal ya wadatar a fara.

Abin da za ku fi nacewa a zo da shi shi ne na'urar kashe tabo da zafi. 'Yar ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu, tana aiki da batir. Akwai tsohuwar hanya ta daskarar da tabon da sanyi, amma tana bukatar tukunyar gas mai nauyi, kuma in gas ya ƙare a ƙauye shi ke nan. Da na'urar a hannu, mace za a duba ta a yi mata magani a zama ɗaya, ba sai an ce ta dawo ba. Duk wanda ya san karkara ya san "ki dawo mako mai zuwa" sallama ce.

Sauran kaya: gado mai katifar leda, labule, fitila mai haske sosai, safar hannu, auduga, ruwa mai yawa, sabulu, da murhu da tukunya in za a tafasa ƙarafunan dubawa, domin sai sun yi minti 20 a tafasasshen ruwa kafin a sa wa wata. Ku tanadi babban littafi mai layi da katuna. Za mu dawo kan littafin nan.

Mataki na uku: mai gari, liman da mazaje

Matar aure a ƙauye ba ta fita irin wannan fita sai da izini, kuma kuɗin mota in ta kama daga aljihun miji zai fito. Wanda ya tsallake maza ya tafi kai tsaye wurin mata ya ɓata wa kansa lokaci.

Ku fara da mai gari ko dagaci, ku tafi da ma'aikacin lafiyar da gari ya sani. Magana a taƙaice: "Ranka ya daɗe, akwai ciwon da ke kashe mana iyaye mata, ana iya gano shi tun bai zama ciwo ba. Mata ne za su duba mata, a ɗaki a rufe. Mun riga mun shirya inda za a kai wadda ke bukatar ƙarin magani." Daga nan sai liman. Ku roƙe shi ya taɓo zancen bayan sallar Juma'a ko a wurin ɗaurin aure; hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta sananne ne gare shi fiye da ku. Inda akwai coci, a yi haka da fasto.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Malamai da malaman Islamiyya su ne ke fara jin labarin zubar jini, domin mace takan zo ta ce, "Allah gafarta Malam, jinina ya wuce kwanakinsa, yaya zan yi da salla?" Malam ya yi mata bayanin jinin istihala, ta tafi. Ku roƙi malamai su ƙara jimla ɗaya a kan fatawar: "Sannan ki je asibiti a duba dalilin jinin." Haka ma tsohuwar da ta ce al'ada ta dawo mata bayan ta ɗauke shekaru. Al'ada ba ta dawowa. Wannan jini alama ce da ba a jinkiri da ita.

Abu biyu dole maza su ji tun kafin ranar, daga bakin namiji ɗan'uwansu. Na ɗaya, samun tabo ko ƙwayar HPV ba shaidar cin amana ba ce. Ƙwayar ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, gaskiya ne, amma kusan duk wanda ya yi rayuwar aure ya taɓa ɗaukarta bai sani ba, mafi yawa jiki ya kore ta da kansa. Tana iya kwantawa shekaru, ta zo daga auren fari na miji ko na mata, ta zaga tsakanin kishiyoyi ba wanda ya aikata laifi. In ba a faɗi wannan ba, gwajin da aka kawo don ceton rai zai iya kashe aure. Na biyu, wadda aka kashe wa tabo za ta yi mako huɗu ba saduwa, har wurin ya warke. A gidan da ake rabon kwana, a san da wannan tun da wuri don kada ya zama abin gori.

Mataki na huɗu: rana, wuri da gayyata

Kada ku sa rana a tsakiyar damina, lokacin da hanya ke yankewa kuma kowa na gona, ko lokacin girbi, ko cikin azumi. Bayan an gama kaka, da sanyi-sanyin nan, ya fi dacewa, kuma a lokacin ne akwai ɗan abin hannu. Ku kauce wa ranar kasuwa. Asibitin gari ya fi, in babu a nemi aji biyu a makaranta masu ƙofa da taga da ke rufuwa.

Waɗanda aka fi so su zo su ne mata masu shekara 30 zuwa 49. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ita tun daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma ciwon ya fi saurin girma a jikinta. Amma wannan ma'aikatan da ke ba ta magani za su sanar da ita a asirce, ba a shela ba. Da yake da yawa ba su san shekarunsu ba, a yi amfani da abin da aka sani: wadda ɗanta na fari ya isa shiga sakandare, ta zo. Mai ciki a jinkirta mata sai ta haihu ta yi arba'in. Wadda ke tsakiyar al'ada a ba ta wata rana. Dattijuwar da ta daina al'ada da daɗewa, ruwan khal ba ya nuna nata sosai, amma ta zo a duba mamanta, a kuma ji ko tana da wani koke.

Mai shela zai yi nasa, amma gayyatar da ke aiki ita ce ta baki da baki: ungozomar gargajiya, mai kitso, uwar adashe, gidan suna. Ku tambayi nas mace nawa za ta iya dubawa a yini ba tare da gaggawa ba, ku raba kati daidai wannan adadi. Sauran a ba su washegari. Tara mata ɗari uku a rana su wuni da yunwa a sallami rabi ba a duba su ba, ɓata suna ne.

Mataki na biyar: ranar gwaji

A fara da bayani ga kowane rukuni kafin su shiga. A nuna musu abin da za a sa a buɗe gaba da shi, su taɓa da hannu, a gaya musu akwai ɗan rashin daɗi da ɗan raɗaɗin ruwan khal, amma ba yanka ba allura, ba a kuma taɓa haihuwa. Wadda ta ce ba ta so, a ƙyale ta ba tare da tsangwama ba. Sau da yawa in ta ga ƙawarta ta fito tana dariya, da kanta za ta dawo layi.

Wajen rajista a rubuta suna, unguwa, sunan mai gida, da lambar waya biyu, tata ko ta miji da ta wani ɗan'uwa. A tambaye ta a keɓe: jini bayan saduwa? Jini tsakanin al'ada da al'ada? Ruwa mai wari da ya ƙi jin magani? Ciwon mara ko baya da ba ya sauka? Mai irin waɗannan ba a sallamarta da "lafiya lau" ko da ruwan khal bai nuna fari ba, sai likita ya gan ta.

Sakamako uku ne. Wadda ba a ga komai ba, a yi mata barka a rubuta mata ranar dawowa. Wadda aka ga farin tabo, a zaunar da ita a gaya mata a fili: "Yaya, wannan ba daji ba ne. Tabo ne da in an bar shi shekaru zai iya zama daji, yau za mu kashe shi." In tabon bai rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na bakin mahaifa ba, bai kuma shige ciki ba, sai a ɗora masa kan na'urar da ya yi zafin digiri 100 na kusan rabin minti. Za ta ji murɗa irin ta al'ada, ta huta kaɗan, ta tafi gida da ƙafarta. Za ta ga ruwa-ruwa na fita har kusan wata guda. Kada ta cusa komai, ko maganin mata ko matsi ko tsumma. In ta ji zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini mai yawa, ko ruwan ya yi wari, ta koma asibiti a ranar. Na uku ita ce wadda tabonta ya yi girma ko aka ga abin da ake zargin daji ne. Ita ba a gasa mata komai a nan. A rubuta mata takardar turawa, a kira ma'aikacin nan da kuka samo a mataki na farko tun tana zaune, a tsayar da rana.

Sirri ya zama sirri. Ba a faɗin sakamako a gaban layi, ba a ware masu matsala a benci daban, kuma 'yan kwamiti ba su da hurumin leƙa abin da nas ta rubuta. Ƙaramin gari ne. Magana ɗaya ta fita, an gama.

Tunda ta riga ta kwanta, a duba mama a zama ɗaya. Sankarar mama ita ce ta fi kowace yawa a tsakanin matan Najeriya, kuma ba ta da allurar rigakafi, gano ta da wuri ne kawai dabara. Nas za ta lalube duka biyun har hammata, sannan ta koya wa matar yadda za ta riƙa yi da kanta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada: a ɗaga hannu ɗaya, a bi mama da tafin yatsu uku na ɗaya hannun, a zagaye ko'ina. Abin da ake nema: ƙullutu, musamman mai tauri marar zafi, kaluluwa a hammata, kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini, fata ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemu, gyambon da ya ƙi warkewa. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, a ce ai ba ya ciwo. Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, musamman a jikin 'yan mata, amma yatsa ba ya rarrabewa, sai hoto da gwajin tsoka. Mai shayarwa da mamanta ya kumbura, in an sha magani mako biyu bai sauka ba, kada a ci gaba da cewa nono ne ya kwanta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a kammala duk binciken cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti. Ku riƙe wannan adadi, da shi za ku auna kanku.

Abin da za a haɗa da shi a ranar

'Yan mata. Tun ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, allura ɗaya tak. An fara da jihohi 15 da Abuja, ciki har da Kano, Jigawa, Bauchi da Kebbi, sauran suka biyo baya a watan Mayun 2024, ana yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14. Tana kare su daga nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Ku roƙi mai rigakafi ya zo da akwatin sanyinsa, ku tambaye shi 'yan shekara nawa ake yi wa a yanzu, iyaye mata su zo da 'ya'yansu. A tuna da waɗanda ba sa boko, masu talla da 'yan makarantar allo da na rugage, su ne kullum ake tsallakewa.

Za a ce muku allurar hana haihuwa ce. Kada ku yi wa mai faɗin haka dariya. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suka kuma ga dambarwar allurar shan-inna ta 2003, ba za a ce shakkarsu ba ta da tushe ba. Amsar ita ce wannan allura ba sabuwa ba ce. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, Maleshiya ta fara yi wa 'yan makaranta a 2010, Ruwanda a 2011, kuma 'yan matan da aka yi wa a lokacin sun yi aure suna haihuwa. In 'yar mai gari da 'yar nas suka fara miƙa hannu a gaban jama'a, ya fi dogon wa'azi.

Maza ma suna da nasu kason, kuma a gona da gidan wanzami yake. Ciwon dajin hanta yana kashe magidanta da ƙuruciyarsu, kuma manyan dalilansa biyu duk muna da su. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Jariri na bukatar allurarsa cikin awa 24 da haihuwa, sannan sauran a mako na 6, na 10 da na 14. Da yake a gida aka fi haihuwa, ku yi yarjejeniya da ungozomomi: duk haihuwa a sanar da mai rigakafi a ranar, kada a jira suna. Wanzami kuma, ko aski ne ko kaciya ko ƙaho, kowa da sabuwar rezarsa, domin ana ɗaukar ciwon ta jini. Haka mai yankan farce. Dalili na biyu gubar fumfuna ce da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Ba ta mutuwa da dafuwa ko suya. A shanya amfani a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, a bari ya bushe ƙarau kafin a zuba a buhu, a ɗora buhuna a kan katako. Ɗabi'ar da ya kamata a bari ita ce a kai mai kyau kasuwa, a bar ruɓaɓɓiyar gyaɗa a gida a yi ƙuli-ƙuli da miya. Wanda ke da ciwon hanta ya kuma ci wannan guba, haɗarinsa ya ninka sosai.

Garuruwan da ke bakin dam ko fadama su ƙara da tsargiya. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, tsutsa ce, kuma in ta daɗe tana iya kai mutum ga dajin mafitsara. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu. Ku tambaya a ƙaramar hukuma. Dattijon da fitsari ke yi wa wuya ko yake ganin jini, a tura shi asibiti. Taba kuwa, ta sha da ta shaƙa da shisha, ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Mataki na ƙarshe: littafi, asusu da rakiya

Washegari aikinku na gaske ke farawa. Littafin yana hannun nas ko ma'aikaciyar lafiyar gari, ita kaɗai ta san sunaye. Duk wadda aka tura gaba, a nemi yardarta a haɗa ta da mace ɗaya amintacciya da za ta raka ta, wadda ta san birni kuma ba ta jin tsoron tambaya. Kowane wata ma'aikaciyar ta gaya wa kwamiti adadi kawai: an tura kaza, kaza sun je, kaza sun karɓo sakamako, kaza sun maƙale. A bi waɗanda suka maƙale a ji dalili. Galibi ɗayan uku ne: kuɗi, izini, ko tsoro.

Na kuɗi, ku buɗe asusu tun kafin ranar gwaji. Mudu-mudu na hatsi da kaka, wani kaso daga adashe, gudummawar 'yan gari mazauna birni, zakka ga wadda ta cancanta. Ku yi magana da shugaban direbobin tasha a kan rangwame. A babban asibiti a nemi ofishin walwalar marasa lafiya, a tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara aiki a asibitoci shida ciki har da Shika, Gombe da Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma ya shafi sankarar mama da ta mahaifa. Ba ya ɗauke komai, ana kuma jira, amma a cike takardar.

Na tsoro ya fi wuya. Akwai maganar da ta zauna a zukata cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Abin da ya haifar da ita a bayyane yake: ana kai mutane asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu, a yi aiki, su rasu, sai a ɗora wa wuƙa. Ɗibar tsoka ba ta watsa ciwo, ita ce ke nuna wane iri ne da maganin da zai ji. Haka cire mama: abu ne mai nauyi, kada kowa ya raina shi, amma akwai matan da aka cire wa suna nan suna aurar da jikoki. In akwai irinsu a yankinku da ta yarda ta yi magana, ku kai ta wurin mai tsoron. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, a haɗa su da asibiti. Abin da za a hana shi ne tsaga ƙullutu, ɗaura masa magani mai cin fata, da sayar da gona a kai wa mai maganin da ke alkawarin warkarwa cikin mako biyu a lasifikar kasuwa.

Za a samu wadda aka makara. Ita ma ba a yar da ita. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi da manyan asibitoci ke bayarwa, akwai maganin da ke rage warin gyambo, kuma ma'aikaciyar lafiya za ta iya koya wa 'yan gida wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta. Kada a ware mata kwano ko a mayar da ita ɗakin baya, ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko zama tare.

Sai ranakun dawowa. Wadda aka kashe wa tabo, bayan shekara ɗaya. Wadda ruwan khal bai nuna komai ba, bayan shekara uku. Wadda gwajin ƙwayar HPV ya nuna ba ta da ita, shekara biyar zuwa goma, in kuma tana da cuta mai karya garkuwa, uku zuwa biyar. A rubuta a katinta da boko ko ajami, a kuma faɗa mata da abin da ba za ta manta ba, kamar "bayan Babbar Salla mai zuwa" ko "in an gama girbin gero." Ma'aikaciyar ta ware shafi a bayan littafin, wata-wata, ta jera sunayen waɗanda za a nema a kowane.